Ranar da Mai Firji Ya Je Godiya

Da a ce wani ya tare Mai Firji a bakin titi a safiyar nan, ya ce masa ya juya ya koma shago ya bar zancen godiyar nan, da ya yi masa taimakon da ba zai manta ba. Babu wanda ya tare shi. Ya sa rigarsa ta fita kunya, wadda ba ta taɓa shan baƙin mai ba, ya goge takalmi da tsumma, ya kama hanyar jami'a yana ganin mutunci zai je ya yi. Ɓarna ya tafi yi, kuma a kan 'yarsa za ta faɗa.

Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ne sana'arsa. Shagonsa wani ɗan tsukuku ne tsakanin mai walda da mai faci, cike da gawar firji iri-iri da masu su suka kawo suka manta da su. Karatunsa bai kai ƙarshen sakandare ba. Yana iya karanta abin da aka rubuta a bayan firji, yana iya bin jarida a hankali, iyakarsa ke nan. 'Yarsa ta fari kuwa, wadda yake kira Uwata, tana jami'a tana karatun lauya, kuma ba ta gani. Idanunta sun tafi tun tana ƙarama bayan wani zazzaɓi, kuma tun daga lokacin hankalin uban bai sake kwanciya ba. In ta fita yana tunanin kwalbati da masu babur. In ta dawo yana tunanin fitar gobe. Matarsa takan ce ko ruwa Uwata ta sha, sai ya tambaya ko bai yi mata sanyi da yawa ba.

Bara ta faɗi darasi guda, dokar kwangila. Ba don rashin ƙwaƙwalwa ba, kowa ya san kanta na ja. Farfesan da ke koyar da darasin takarda yake rabawa, ita kuwa takarda ba ta yi mata magana. Ƙawayenta sukan karanta mata in sun sami sarari, amma da jarrabawa ta matso kowa ya shiga ta kansa. Dokar sashen kuwa ba ta da kwana: wanda ya faɗi darasi ɗaya sau biyu, ya bar karatun lauya ke nan. Bana ce damarta ta ƙarshe.

Sai ga jami'a ta zo da wani abu da ta kira Rumbun Darussa. Jami'ar tana da rassa a warwatse, babban yana cikin gari inda Uwata take, ƙananan suna can nesa. Aka ce daga yanzu kowane malami a kowane reshe zai zuba darasinsa wuri ɗaya a intanet, a tsarin da makaho zai iya saurara, kurma ya iya karantawa, ɗalibin wannan reshe ya amfana da aikin malamin wancan. An yi bikin buɗewa, Mai Firji ya je. An kafa rumfa, an jera kujeru masu fararen riguna, manya suka yi ta jawabi suna gode wa juna. An ɗaura ƙyalle a gaban wata kwamfuta aka yanke da almakashi, kwamfutar ma ba a kunne take ba. A jikin babban allon talla akwai hoton Uwata riƙe da farar sandarta. Mai ɗaukar hoton ne ya ce ta ɗan ɗaga sandar sama don a gan ta da kyau. Mai Firji ya yi ta tafi har hannunsa ya yi zafi.

A kwamfutar Uwata akwai manhaja mai karanta rubutu da murya, muryar mace ce mai sauri kamar an biyo ta. A gidan Baturiya ake ce mata. Da suka dawo daga bikin, Uwata ta shiga rumbun, ta nemo dokar kwangila, ta buɗe abin da Farfesa ya zuba. Baturiya ta faɗi kalma ɗaya ta yi shiru. Uwata ta matsa shafi na gaba, aka sake faɗin kalmar nan. Na gaba ma haka.

"Me take cewa?" in ji uban, yana tsaye a kanta.

"Cewa take hoto ne. Farfesa ya sa an ɗauki tsofaffin takardunsa da waya an zuba. Ita rubutu take karantawa, Baba. A wurinta wannan da hoton akuya duk ɗaya ne."

Ya sunkuya ya ƙura wa allon ido. "To amma ga shi an rubuta a sama, wai ya dace da masu buƙata ta musamman."

"An rubuta. Shi kaɗai ne ta iya karantawa."

Bayan 'yan kwanaki sai ta ci karo da wani abu. A wani ƙaramin reshe can ƙetaren kogi akwai wata sabuwar malama da ke koyar da wannan darasi, kuma jarrabawar duk rassan ɗaya ce. Ita wannan malama zama ta yi ta buga darasin da hannunta, babi-babi, da kanun magana da misalan shari'o'i, kowane a inda ya kamata. Baturiya na shiga ta kama zuba kamar an buɗe famfo. Ba a yarda a sauke komai daga rumbun ba, manyan malamai sun kafe a kan haka don kada a sace musu ilimi, sai dai a shiga a karanta a fita. Wannan bai dami Uwata ba. Kullum da safe kafin ta fita sai ta saurari wani yanki, ta tsayar, ta maimaita da bakinta, ta ci gaba. Ta dawo da dariyarta a gida. Ta fara ce wa uwarta alkawarin da ta yi mata na ɗinki tun bara kwangila ce, za ta iya kai ta kotu. Kafin a ankara ta cinye rabin darasin.

Shi kuwa Mai Firji ko murna ba ta barin sa ya zauna lafiya. Ya fara saƙa wa ransa cewa an yi musu alheri ba su ce uffan ba, kuma in waɗanda suka yi suka ga ba a gode ba, suna iya dainawa. Tunanin ya yi ta cin sa yana kwance fanka, yana cin sa yana cika gas.

"Zan je in yi wa Daraktan rumbun nan godiya," in ji shi wata safiya.

"Baba, kar ka je."

"Saboda me?"

"Abu yana tafiya. Ka bar shi ya tafi."

"Ka dai ji," in ji matarsa daga ƙofar kicin. "Kai zama ne ba ka iyawa. Firjin mai kanti na jiran ka tun shekaranjiya, kayansa na narkewa. Je ka yi masa godiyar haƙuri shi ma."

"Ku ba ku san yadda ake zama da manya ba," ya ce, ya shiga ɗaki ya ɗauko rigar.

Ofishin Darakta yana saman wani sabon gini. A bakin ginin an yi gangara don masu keken guragu, an shafa mata fenti, sannan aka jera tukwanen furanni a kanta don ta yi kyau. Sakatariya ta dubi Mai Firji daga sama har ƙasa, ta tambaye shi ko an kira mai gyara ne. Ya ce a'a, shi ne mahaifin yarinyar da ke jikin allo. Nan take aka ba shi kujera.

Darakta mutum ne mai tumbi da tabarau biyu, ɗaya a ido, ɗaya rataye a wuya. Wayoyi na jere a gabansa kamar mai sayarwa.

"Ranka ya daɗe, ba wata matsala ta kawo ni ba. Godiya na zo yi."

"Madalla, madalla. Irinku muke so. Mutanenmu ba su iya dawowa su faɗi alheri ba, ƙorafi kawai suka sani. Sakatariya, kira mana mai hoto."

Aka ɗauke su suna musabaha, aka sake ɗauka saboda Darakta ya ƙifta ido.

"To yaya yarinyar tamu? Tana amfana?"

"Ƙwarai, ranka ya daɗe. Musamman da na malamar nan ta ƙetaren kogi, Allah ya yi mata albarka. Injin yana karanta nata tiryan-tiryan, ba gargada."

"Wace malama?"

"Ta dokar kwangila."

Darakta ya cire tabarau ɗaya ya sa ɗayan. "Dokar kwangila ai ta Farfesa ce."

"E, akwai nasa. Amma nasa hoto ne, injin ba ya iya karantawa. Nata ne mai magana. Uwata ma ta ce yanzu 'yan ajinsu masu ido duk nata suke bi, sun bar na Farfesa."

Ya faɗi haka ne don ya faranta wa mutumin rai. A ganinsa, wanda ya gina rumbu zai so ya ji cewa akwai abin kirki a ciki. Darakta ya jawo biro.

"Wato darasi ɗaya, fayil biyu."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Kuma ɗalibai sun bar na Farfesa."

"Haka dai ta ce."

"Mun gode ƙwarai da ka ja hankalinmu," in ji Darakta, ya riga ya ɗauki waya. "Za mu duba."

Mai Firji ya sauko yana jin kansa ba nauyi. A gida ya ce wa matarsa har hoto suka yi, sau biyu ma. Ta ce to Allah ya sa a wanke masa guda.

Sati bai zagayo ba. Yana zaune yana shan shayi kafin ya fita, sai ya ji Baturiya daga ɗakin Uwata ta faɗi kalmar nan ɗaya ta yi shiru. Ta sake faɗa. Ya ajiye kofin. Can sai ga Uwata ta fito tana bin bango da yatsa, ta tsaya daidai inda ta san yana zama.

"Baba, me ka faɗa musu?"

"Godiya kawai na yi."

"Faɗa mini yadda ka faɗa."

Ya faɗa mata, bai rage komai ba, don shi har lokacin bai ga inda laifin yake ba. Ta saurara har ya gama. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba.

"Ka shiga ofishin mutanen da ba su taɓa buɗe rumbun ba, ka ce musu ƙaramar malama ta fi Farfesa. Babu darasinta, Baba. Sun cire. Rabin da ya rage shi ne mai wuyar."

Ta juya ta koma ɗaki. Matarsa ta zo ta ɗauke kofin daga gabansa bai gama sha ba.

Wannan karon da rigar aiki ya tafi, kuma ba a ba shi kujera ba. Sakatariya ta ce Darakta ya yi tafiya, an gayyace shi wani taro ya yi bayanin nasarar da rumbun ya samu. Ta nuna masa ƙasa da bakin biro, ta ce ya ga mai kwamfuta.

Ɗakin mai kwamfuta yana ƙarƙashin matakala, babu taga, wayoyin lantarki sun cukuikuye a ƙasa. Mutumin yana zaune da abin jin sauti a kunne ɗaya, yana cin biskit yana kakkaɓe garin a kan madannai.

"Kwamiti ne ya zauna," in ji shi. "An yanke: darasi ɗaya, fayil ɗaya, kar a ruɗa ɗalibai. In an sami biyu, na wanda ya fi muƙami ake bari."

"Amma nasa ba ya karantuwa."

"Ni ba a ce in duba wanda ke karantuwa ba, Baba. Muƙami aka ce in duba. Kuma ga shi nan, nasa yana da alama." Ya nuna wani ɗan koren maki a allon. "Ya dace da masu buƙata ta musamman."

"Wa ya sa alamar?"

"Wanda ya zuba. Akwai ɗan akwati, dannawa kawai ake yi."

"Babu mai dubawa?"

"Akwai kwamitin dubawa mana. Farfesa ne shugaba." Ya jefa biskit a baki. "Ba nata kaɗai ba ne fa. Tun shekaranjiya nake cirewa, duk na ƙananan rassan nan, har wuyan hannuna ya yi tsami. Akwai wani ma da ya yi bidiyo da rubutu a ƙasa don kurame, ya tafi. Kai ne mahaifin, ko? An ambace ka a taro. An ce iyaye ma sun fara kawo ƙorafi a kan maimaici."

"Ni godiya na zo yi."

"To, an karɓa."

Mai Firji ya dafa bango. "An goge gaba ɗaya ke nan?"

"Yana kwandon shara. Ba a zubar da kwandon sai ƙarshen zango."

"To ka dawo da shi, ɗana. Don Allah."

"Dannawa ɗaya ce, ba wuya. Amma sai Darakta ya sa hannu. Darakta kuwa ba zai sa ba sai Farfesa ya yarda. Ni ina da iyali." Ya yagi takardar biskit, ya duba allo, ya rubuta wata lamba ya miƙa ba tare da ya ɗago ba. "Ta malamar ce. Ba ni na ba ka ba."

Ofishin Farfesa yana tsohon gini, ƙarshen wani dogon baranda mai duhu. Ɗalibai sun jeru a ƙofa kamar masu jiran allura. Mai Firji ya bi layi har ƙafarsa ta gaji. Da ya shiga, Farfesa bai ce ya zauna ba. Dogo ne siriri, da furfura mai kyau irin wadda ake gyarawa. Bango cike yake da hotunansa yana karɓar lambobin yabo, murmushin iri ɗaya ne a kowanne.

Mai Firji ya rusuna ya yi bayani. Wannan karon ya kiyaye harshensa, bai ce na wani ya fi na wani ba. Ya dai ce yarinya ba ta gani, injinta kuma ba ya karanta hoto.

"To a gyara injin," in ji Farfesa.

"Ba lalacewa ya yi ba, ranka ya daɗe. Haka aka yi shi."

"Da takardun nan na koyar da alƙalai. Wasunsu suna manyan kotuna yanzu. Babu wanda ya taɓa cewa ba sa karantuwa sai 'yarka."

"Su suna gani, ranka ya daɗe."

"Na sani. Ni za ka koya wa? Ni na fara kawo zancen naƙasassu a majalisar jami'ar nan, lokacin kowa dariya yake yi. Jawabin da aka karanta ranar buɗewa ni na rubuta shi." Ya gyara wani littafi a kan tebur. "Me kake so yanzu? In cire aikina in sa na yarinyar da na koyar jiya-jiya, wadda ko tabbatar da ita a aiki ba a yi ba?"

"Ko a bar duka biyun."

"Kwamiti ya yanke. Ni mutum ne mai bin doka, ita nake koyarwa."

"To ko a sa wani ya buga naka, yadda injin zai karanta."

"Za a yi. Yana cikin shirin zango mai zuwa."

"Jarrabawar ta wannan zangon ce, ranka ya daɗe. In ta faɗi, shi ke nan."

"To ta dage. Mu da fitilar ƙwai muka yi karatu, ba mu mutu ba." Ya kalli ƙofa. "Na gaba."

Mai Firji ya so ya tambaye shi me fitila za ta yi wa Uwata. Bai tambaya ba. Ya ce a huta lafiya, har ma ya ja masa ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara, abin da ya fi ba shi haushi ke nan daga baya.

A ƙarƙashin wata bishiya kusa da wurin ajiye motoci ya buga lambar. Sai da ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Muryar mace ce matashiya, a gajiye, ana jin kukan jariri a bayanta. Ya gaishe ta, ya faɗi ko shi wane ne.

"Kai ne wanda ya je godiya."

"Ni ne, Malama."

"Baba, ka san an kira ni gaban shugaban sashe? Wai na zuba darasi ba da izini ba, na raina na gaba da ni. Hutuna gaba ɗaya a kan bugun nan ya ƙare, ina yi ina goyo. Babu wanda ya sa ni. Yanzu an ce in na sake bai wa ɗalibi abin da kwamiti bai amince da shi ba, ko ta waya ko ta wace hanya, a bakin aikina."

"Ki yi haƙuri, 'yata. Wallahi alheri na nufa."

"Na sani. Shi ya sa ban kashe wayar ba."

"Yana nan dai a kwamfutarki?"

"Yana nan."

"Malama, ki turo wa Uwata. Rabin ƙarshen kawai. Babu wanda zai ji."

Ta yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Baba, kai ne za ka ce mini babu wanda zai ji?"

Jaririn ya ƙara ƙarfin kuka.

"Ka bar ni in yi tunani," in ji ta. "Kar ka sake kira. Kuma don girman Allah kar ka je ka gode wa kowa a kaina."

Daga nan bai wuce gida ba. Ya shiga shagon masu kwamfuta a bakin ƙofar jami'a, ya sa wani ɗan ajinsu Uwata ya buɗe rumbun, aka ɗauki hotunan Farfesa daga allo aka buga masa a takarda. Hoton hoto ke nan. Ya rungumo su a ƙirji ya kawo gida, ya ajiye a gabanta, ya ce shi zai karanta mata.

"Kai?"

"Ni. Ƙawayenki sun shiga nasu karatun, uwarki ba ta jin Turanci. Saura wa?"

Ta shafa takardun da tafin hannu. "To," ta ce.

Haka aka koma yi. In ta taso daga aji sai a sauke ta a shago, ta zauna a kan wani tsohon firji da aka kwantar, ta jingina sandarta. Shi kuma ya wanke hannu da omo, ya sa tabaraunsa na kasuwa, ya kama karatu da yatsa a kan layi. Kalmomin dogaye ne, wasu ma ba Turanci ba ne, wani tsohon yaren lauyoyi ne. Yakan tsaya ya kira su harafi-harafi, ita ta haɗa ta faɗi yadda ake faɗa, ya maimaita ba daidai ba, ta ce ya wuce. Abin da Baturiya ke karantawa kafin shayi ya huce, shi yakan kai la'asar bai gama ba.

"Mai Firji," in ji mai walda daga maƙwabta, ya ɗaga gilashin fuskarsa, "in ka gama digirin ka tuna da mu. Ina da ƙara a kan mai faci."

"Rage mana ƙarar injin dai, ita ce ƙarar da ta dame mu."

Ya rage na ɗan lokaci, sannan ya manta.

Takardun su ma abin kallo ne. Wani shafin a karkace aka ɗauke shi, wani ya yi duhu kamar an ɗauka a cikin rijiya. A wasu wuraren Farfesa ya yi gyara da biro tun zamanin da, ya ja kibiya zuwa gefe, gefen kuma bai fito a hoton ba.

"Nan ba na gani," in ji shi wata rana. "Yatsa ya rufe ƙarshen layukan."

"Yatsan wa?"

"Mai jan farce ne."

"Sakatariyarsa ce. Karanta abin da ya fito, zan cike sauran da ka."

Ya karanta. Ta cike wasu, wasu ta kasa. Inda ta kasa takan ɗan karkata kai, shi kuma ya ji kamar an ɗora masa firjin nan a ƙirji. Wani mai shago ya zo ya tsaya da fankarsa a hannu, ya gaji da jira ya tafi wurin wani. Mai Firji bai ko ɗaga kai ba.

"Uwata," ya ce, yana juya shafi, "kina jin haushina ko?"

"Ina ji."

"To."

"Ci gaba, Baba. Rana na tafiya."

Duk ƙarar da wayarta ta yi, sai ya dakata da karatu ya jira Baturiyar cikin wayar ta faɗi daga wa saƙon yake. Kamfanin waya ne, ko ƙawa tana tambayar ɗakin da za a zauna, ko sanarwar jami'a tana tunatar da ɗalibai su amfana da Rumbun Darussa.

Jarrabawar sati mai zuwa ce. Darasin malamar yana kwandon shara, Darakta bai dawo daga taro ba. Malamar ba ta kira ba, ba ta kuma turo komai ba tukuna. Ko za ta turo, ko kuma abin da yake karantawa a shago zai isa Uwata ta haye, Mai Firji bai sani ba, ita ma ba ta sani ba.